Kafso da Allura: Darasin da Annobar Korona ta Bar Mana

Zancenmu na yau ya fi shafar mutanen Sabon Gari ta Wudil da na garuruwan da ke maƙwabtaka da ita, kamar su Utai da Indabo da Darki da Lajawa. Amma duk wanda ya taɓa goya yaro, ko ya riƙo hannun tsoho zuwa ɗakin shan magani, to, da shi mu ke.

Za mu yi magana ne a kan magungunan nan da likitoci ke kira antibayotik. Kun san su sarai, ko da ba ku san wannan suna ba. Su ne su Ampiclox da Amoxil da Septrin da Flagyl, da kafson nan ja da rawaya da 'yan talla ke yawo da shi ran kasuwa, da allurar fanisilin da iyayenmu suka sani. Magunguna ne masu albarka, sun ceci rayukan da ba mai iya ƙidaya su sai Allah. Amma fa ƙarfinsu yana ta raguwa, mu ne kuwa da hannunmu mu ke rage shi. Duk sa'ad da aka sha ɗayansu a kan ciwon da ba nasa ba, an gutsure wani abu daga ƙarfinsa ke nan. Hasarar kuma ba ta tsayawa a kan wanda ya sha, har maƙwabcinsa da jikokinsa sai ta shafa. Annobar korona ta nuna mana wannan a fili. Ku gyara zama ku ji yadda abin ya ke.

Cuta ba iri ɗaya ba ce

Ƙwayoyin cuta 'yan mitsi-mitsi ne, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Waɗanda suka shafi zancenmu iri biyu ne. Na farko ana ce musu bakteriya. Su ne ke kawo tarin fuka, da taifot, da mashaƙo, da ciwon sanyi, da ruɓewar miki, da ciwon haƙarƙari mai tsanani, da sanƙarau irin wanda ya yi mana ɓarna a 1996. Ita bakteriya halitta ce mai jikinta, tana da bango da ya kewaye ta, tana ci, tana hayayyafa da kanta. Aikin antibayotik shi ne ya rushe bangon nan, ko kuwa ya hana ta hayayyafa.

Na biyu ana ce musu bairos. Sun fi na farko ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba su da irin wancan bango, ba su kuma iya hayayyafa sai sun shige cikin naman jikin mutum sun ɓuya. Su ne ke kawo mura, da ƙyanda, da shan inna, da yawancin tari da ciwon maƙogwaro, da yawancin zawon yara. Korona ma a cikinsu ta ke. Antibayotik ba ya samun abin da zai kama a jikin waɗannan. Wanda ya sha kafso don mura, kamar wanda ya ɗana tarkon ɓera ne don ya kama sauro.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa gidansa dabam, maganinsa ma dabam.

Gargaɗin wanda ya gano maganin

A 1918 wata annobar mura ta game duniya. Ta sauka Ikko a watan Satumba, ta biyo hanyar jirgin ƙasa da ta kogi ta shigo Arewa. An ƙiyasta ta kashe wajen mutum dubu 500 a Nijeriya. Binciken da aka yi daga baya ya nuna yawancin waɗanda suka mutu a duniya, murar ce ta fara raunana huhunsu, sa'an nan bakteriya ta bi baya ta ƙarasa su. A lokacin babu antibayotik ko ɗaya.

Sai a 1928 wani likita mai suna Alexander Fleming ya gano fanisilin a birnin Landan. Waɗansu masana na Oxford suka sarrafa shi, aka fara gwada shi a kan majiyyata a 1941. Miki da ciwon haƙarƙari da dā ke kai mutum kushewa suka zama abin warkarwa cikin 'yan kwanaki. Amma tun a 1945, sa'ad da a ke ba shi lambar girma ta Nobel, Fleming ya yi gargaɗi. Ya ce yana tsoron ranar da kowa zai iya shiga kanti ya sayi maganin, ya sha ɗan kaɗan wanda bai isa ya kashe ƙwayar ba, ya koya mata jimiri. To, ranar da ya ke tsoro ta zo, muna cikinta.

Abin da ya faru zamanin korona

Ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya, a Ikko. Ran 11 ga Afrilu aka sami na farko a Kano. Kun tuna da kwanakin nan: ga zafin bazara, ga azumi, ga kulle, ga jana'iza kusan kullum a birni. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ba da sanarwar cewa binciken da aka yi ya ƙidaya mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomin birnin Kano, kuma rabinsu ko fiye ana jin da hannun korona a ciki. An buɗe wuraren killace majiyyata, kamar na Kwanar Dawaki da na filin wasa na Sani Abacha.

Ku dubi halin da likita ya ke ciki a waɗannan kwanaki. Ga mutum an kawo yana haki, jikinsa zafi zau. Ciwon sabo ne, ba a san maganinsa ba. Awon da zai nuna ko akwai bakteriya a huhunsa sai ya ɗauki kwana biyu ko uku, asibitoci da yawa ma ba su da kayan yinsa. Likita kuwa ya karanta labarin 1918. Saboda haka sai ya ce a ba shi antibayotik don ko-ta-kwana. Haka aka yi a asibitocin duniya duka, masu kuɗi da marasa kuɗi. A gari kuma, da mutane suka ji tsoron zuwa asibiti, sai suka koma kemis suna sayen kulorakwin da wani antibayotik mai suna azithromycin, don an baza labari wai su ne maganin.

Da ƙura ta lafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna ta yi lissafi. Ta duba takardun majiyyata wajen 450,000 da aka kwantar a ƙasashe 65, daga Janairu 2020 zuwa Maris 2023, ta bayyana sakamakon a watan Afrilu 2024. Cikin kowane mutum 100 da aka kwantar don korona, 8 ne kaɗai ke da bakteriyar da ta bukaci antibayotik. Amma wajen 75 aka ba. A nan Afirka ma 83 ne. Hukumar ta ce maganin bai ƙara wa waɗanda ba su da bakteriya sauƙi ba. Wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Ingila ya nuna azithromycin bai rage mutuwar masu korona ba, kulorakwin irin wanda aka gwada shi ma haka.

Ga kuma wata matsalar. Asibitoci sun cika, ma'aikata sun gaji, ana sa wa majiyyata robar numfashi da ta fitsari da ta ƙarin ruwa, waɗannan kuwa ƙofofi ne da ƙwayar cuta ke bi ta shiga jiki. A Amurka, inda a ke ƙidaya irin wannan abu, cututtukan da ba su jin magani waɗanda a ke ɗauka a asibiti sun ƙaru da kashi 15 cikin 100 a shekarar 2020 kaɗai. Ran 5 ga Mayu 2023 aka janye dokar ta-ɓaci ta korona a duniya, amma ƙwayoyin da suka kangare a waɗancan shekaru ba su san an janye ba. Suna nan.

Yadda ƙwaya ke kangarewa

Wani zai ce, to, in maganin bai yi amfani ba, ai bai yi ɓarna ba. A nan ne kuskuren ya ke. A cikin hanjin kowane mutum, da bakinsa, da kan fatarsa, akwai bakteriya miliyoyi. Yawancinsu ba su cutarwa, waɗansu ma taimako su ke yi, suna narkar da abinci, suna kuma tare wuri don kada miyagu su sami masauki. In ka haɗiyi kafso, ba ya tambayar wa ya yi laifi. Duk mai rauni da ya tarar sai ya kashe. Amma cikin taron nan ba a rasa 'yan ƙalilan masu taurin rai da maganin ba ya kamawa. Su ne za su tsira, su tarar da fili fetal babu abokin takara. In wuri ya yi mata daɗi, ƙwaya ɗaya ta kan rabu biyu cikin minti 20, kafin gari ya waye zuriyarta ta haura miliyan. Har wa yau su kan miƙa wa waɗansu jinsin bakteriya wannan dabara tasu.

Manoman wake sun san wannan. Maganin feshin da ya kashe ƙwari bara waccan, bana ka fesa ka ga suna yawo a kai, domin 'ya'yan waɗanda suka tsira ne. Kun kuma san labarin kulorakwin. Shekaru da yawa shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, ga araha, ga aiki. Aka yi ta shansa barkatai har ƙwayar ta daina jinsa, a 2005 Nijeriya ta sauya shi da magungunan da a ke kira ACT. Fanisilin ma dā allura ɗaya ke warkar da ciwon sanyi, yau likitoci sun daina ba da shi don wannan ciwo.

Mutane su kan ce, jikina ne ya saba da maganin. A'a, ƙwayar ce ta saba. Ƙwaya kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Ta kan fita cikin bayan gida, ta hau hannun da ba a wanke ba, ta shiga akushi, ta faɗa rijiya, ruwan sama ya kwashe ta zuwa kogi. Jaririn da bai taɓa ganin kafso ba yana iya kamuwa da ƙwayar da wani ya horar a can wata unguwa.

Abin da mu ke hasara

Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 bakteriya masu ƙin jin magani sun kashe mutum miliyan 1 da dubu 270 a duniya, watau fiye da waɗanda ƙanjamau ta kashe a wannan shekara, fiye kuma da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe. In aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi tsanani. A Nijeriya an ƙiyasta mutum 64,500. Ku lura, wannan lissafi na kafin korona ne.

Ga ma'anarsa a gidajenmu. Yaro ya kamu da ciwon haƙarƙari, maganin ruwa mai araha da dā ke warkar da shi a nan ɗakin shan magani ya ƙi ci. Sai a kai shi Babban Asibitin Wudil. In can ma ya faskara, sai a yi tafiyar kilomita wajen 40 zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a koma ga allurai masu tsada, a sayar da akuya, a bar gona ba noma. Mace mai jego da zazzaɓi ya kama, da wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa, da wanda ya yi haɗari a hanyar Maiduguri, duk ransu ya dogara ga samun antibayotik mai ci. Tarin fuka na yau da kullum wata shida a ke shan maganinsa, kyauta kuma gwamnati ke bayarwa. Wanda ya sha wata biyu ya ji sauƙi ya bari, yana iya jawo wa kansa da iyalinsa irin da ba ya jin maganin farko, wanda warkar da shi ya fi wuya ƙwarai.

Don haka ne a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan nan kashi uku. Akwai na kusa da hannu, don ciwon yau da kullum. Akwai na sa-ido, da ba a ba da su sai da dalili mai ƙarfi. Akwai kuma na ajiya, da ba a taɓawa sai komai ya ƙi. Kamar rumbu ne: da hatsin ci, da na tsaron damina, da kuma iri. Zamanin korona na sa-idon nan aka fi ɗiba. Kun san gidan da ya cinye irinsa tun da rani, in ruwa ya sauka ba shi da abin shuka.

Dabbobi ma da nasu rabo

Wudil gari ne na kara, kowace Juma'a shanu su kan zo daga nesa. Makiyaya da masu ƙiwo, ku ji da kyau. Magungunan da a ke yi wa saniya allura, ko a zuba wa kaji a ruwa, dangin namu ne. In ana ba dabba mai lafiya don ta yi ƙiba, ko ana yi mata allura da ka ba awo, ƙwayoyin cikinta su ma sai su kangare, su iso gare mu ta nama da nono da ƙwai da taki. A jikin kwalba an rubuta kwanakin da za a jira bayan allura kafin a yanka dabba ko a sayar da nononta. Ku sa a karanta muku, ku kiyaye. In dabba ba ta da lafiya, a nemi malamin dabbobi.

Abin da ya rage gare ku

Gwamnati ta fito da tsarin yaƙi da wannan matsala a 2017, ta sabunta shi a 2024. Ana kuma koya wa ma'aikatan asibiti su yi awo kafin su rubuta magani, su sake duba majiyyaci bayan kwana biyu ko uku, in ba bukata su tsayar. Amma rabin aikin yana hannunku. Ga abubuwa bakwai.

Na ɗaya, in malamin asibiti ya duba ka ya ce mura ce, ka je ka huta, ka sha ruwa da farasitamol, kada ka ce ya raina ka. Kada ka matsa masa sai ya yi maka allura. Allura ba ta fi ƙwaya ƙarfi don tana da zafi ba.

Na biyu, ba kowane zazzaɓi ne taifot ba. A fara awon jini na zazzaɓin cizon sauro, minti 15 zuwa 20 an gama.

Na uku, yaro mai zawon ruwa, abin da ya ke bukata shi ne ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinc ta kwana goma, da ci gaba da ba shi mama da abinci. Kada a fasa kafso a zuba masa a koko. In an ga jini a kashin, sai asibiti.

Na huɗu, in an rubuta maka antibayotik, ka sha shi yadda aka ce, a lokutan da aka ce, har kwanakin da aka ce. In kuɗinka bai isa ka sayi duka ba, ka gaya wa malamin tun a wurin, ya san yadda zai yi. Sayen ƙwaya biyu ko uku shi ne ainihin abin da Fleming ya ji tsoro.

Na biyar, kada ka ajiye saura don wata rana, kada ka ba matarka ko maƙwabcinka don ciwonku ya yi kama. Kada kuma ka saya a hannun mai talla, inda rana ta gasa shi. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Na shida, kada jin wannan jawabi ya sa ku zauna da ciwo a gida. Ku garzaya asibiti in yaro yana numfashi da sauri, watau sau 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa shekara, sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Haka nan in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya kasa kama mama, ko ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya kumbura tare da ciwon maƙogwaro. Haka mai jego in ta yi zazzaɓi, da wanda ya yi mako biyu yana tari. Don irin waɗannan mu ke tattalin maganin.

Na bakwai, rigakafi ya fi magani. Ciwon da bai kama ka ba, ba ka bukatar kafsonsa. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 ya fi kama yaran da ba a yi wa allurar rigakafi ba. Ku kai yaranku a cika musu katinsu. Ku wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da kafin cin abinci, ku rufe masai, ku tafasa ruwan kogi kafin sha. In kun je dubiya asibiti, ku wanke hannu da shiga da fita, kada ku zauna a kan gadon majiyyaci.

Jama'a, annoba ta zo a 1918 ta tarar ba mu da magani. Ta zo a 2020 ta tarar muna da shi, tsoro ya sa muka yi ta ɗiba ba awo. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muna so wadda za ta zo nan gaba ta tarar da sauran ƙarfi a kwalabenmu, yau ne za mu fara tattali. Kowace shekara daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba a kan yi makon tunatarwa a kan wannan al'amari a duniya duka, amma ku kada ku jira Nuwamba. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi a kan benci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.